Babur Ɗin da Ba Ya Shan Baƙin Mai

Arzika Bakanike ya yi mini ƙarya a gaban ubana ina ɗan shekara goma sha uku. Ƙaryar ta fidda ni daga makaranta, ta kuma sa ubana ya shiga kabari yana ɗauka ni maɓarnaci ne. Abin da ya yi mini ke nan, na faɗe shi tun farko don kada wani ya ce na tsaya kewaye-kewaye. Yanzu Alhaji ake ce masa, gemu fari fat, sahun gaba a masallaci, yara na durƙusawa in ya gitta. Ni dai da baƙin mai a farce na san shi, kuma haka nake ganinsa har gobe.

Ran kasuwar Jega ce, cikin bazara, shekarar da nake aji shida na firamare. Mun baro ƙauyenmu da ke gefen Maiyama da an sallame asuba, Baba na gaba, ni ina baya ina kora jakinmu Duna. Albasa ta yi kyau shekarar, an cika rudu biyu, rumbunan ajiyar albasa, an sayar da ɗaya da daraja, sai Baba ya ce shi ma lokaci ya yi da zai hau abin da ba ya cin dusa. A kara, kasuwar dabbobi, munka rabu da Duna. Jakin da ya kai takinmu fadama shekara bakwai, wani Bazabarme ya ja shi ya tafi, ko waiwaye bai yi ba, ni ne na tsaya ina bin sa da kallo da akumarinsa a kaina, don Baba ya ce akumari ba ya cikin ciniki. Daga nan munka ratsa 'yan tukwane da 'yan kifi, munka faɗa unguwar Jega Firchin, inda rumfar Arzika take. Shi da Baba tare sunka yi karatun allo a zaure ɗaya suna yara, kwano ɗaya sunka ci, shi ya sa Baba Arzika nake ce masa. Babur na jingine a gaban rumfa, ja, an wanke shi yana ɗaukar ido, injin an shafe shi da fenti mai ruwan azurfa tun daga sama har ƙasa. Wai na wani ma'aikaci ne da anka yi wa canjin wurin aiki, bai hau shi ba sai zuwa ofis da masallacin Juma'a.

Ubana bai taɓa mallakar abu mai inji ba, keke ne iyakarsa. Don haka ya duba babur yadda ya san ana duba dabba. Ya zagaya shi sau uku, ya danna taya da babban yatsa, ya bubbuga tanki da tafin hannu kamar mai jin cikin saniya, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, in da babur na da haƙora da ya buɗe bakinsa ya ƙirga. Mutum ne mai yawan cewa ba a cinikin biri a sama, amma ran nan birin yana cikin ƙarfe a rufe da fenti, shi kuwa mai sayarwa amini ne, to me za a tsaya bincika? Arzika ya buga kik sau ɗaya, abu ya tashi da ƙara, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe rumfa, ni da Baba munka kalli juna muna dariya kamar wawaye. Irin baburan da ne masu shan mai iri biyu, fetur a babban tanki, baƙin mai a wani ɗan tanki ƙarƙashin wurin zama, mai ɗan gilashi kamar idon kaza inda ake ganin ko mai ya ragu. Arzika ya nuna mana idon, ya ce muddin ana ganin mai a ciki to mu yi barci da minshari. Sannan ya kama hannun Baba, ya rage murya irin ta mai ba da sirri, ya ce, "Garba, amana ɗaya zan ba ka. Kar ka kuskura ka zuba mai hetur na kowa sai nawa. Na gidan mai da na bakin hanya duk gauraye na da kananzir, kashe maka shi za su yi." Ya ɗauko wani babban galan ya cika, ya ɗaure mana a kariya. Baba har godiya ya riƙa yi.

A fili bayan gari Baba ya koyi tuƙi da sa giya cikin yini guda, ga shi da babbar riga. Sau biyu munka sha ƙasa a rairayi kafin mu kai gida, ni a baya da akumari a ka da galan a gadon bayana, salansa ta ƙona ni a sangali, tabon na nan. Ban ji zafinta ba sai washegari. Da munka shiga ƙauye yara sunka biyo mu da ihu, awaki sunka watse, tsofaffi sunka miƙe daga gindin tsamiya suna sa albarka. A turken Duna anka ajiye shi, don nan ne wurin abin hawa a gidanmu. Baba ya kafa masa rumfar zana, ya rufe shi da tsohon bargo, ya ɗaura masa laya a wuya saboda baki. Inna ta ce jaki ko ba komai yana ba ta kashi ta kai bayan gida ta shuka kuɓewa, wannan kuwa sai wari da tsorata mata kaji. Ba wanda ya kula ta.

Kula da shi aikina ne, kuma ban taɓa son wani aiki kamarsa ba. Da mun tashi daga allo da safe, kafin in sha kunu in sa rigar makaranta, sai in ɗebe bargo in kakkaɓe, in goge shi da tsumma tun daga fitila har lamba, in bi kowace waya ta taya da yatsa. Ina shafa wa sarƙa mai da gashin kaza. Na koyi kwance fulogi in kankare baƙin da tsinken tsintsiya in busa in mayar, don abin da Arzika ya yarda in taɓa ke nan. In Baba zai fita, ni ke riƙe mazurari ya tsiyaya fetur daga galan. Fetur ɗin kuwa duhu-duhu ne, yana barin maiƙo a mazurari, ni a tunanina haka fetur na gari yake. Daga ƙarshe in durƙusa in duba idon kazar nan in ce akwai mai. Baba yakan tsaya a bayana da hannu a ƙugu yana kallo, wani lokaci ya ce madalla. Ubana ba mai yabo ba ne. Duk madallar da na samu a wurinsa a rayuwata, a watannin nan na same ta.

A makaranta kuwa na zama sarki. Yara na zuwa suna sansanar hannuna don su ji warin fetur. Da an fita tara sai a bar langa a bar gara taya, a kewaye ni gindin dogonyaro in koya musu yadda ake kama kuloci a saki a hankali. Munka daina ƙera motar kara, kowa babur yake ƙerawa, da tayar ƙwarya da salansar kara, a yi ta gudu ana ƙarar inji da baki har leɓe ya yi kauri, har sai hedimasta ya fito da bulala. Hedimastan, Malam Bello, shi ya taɓa tsayar da Baba a bakin masallaci ya ce yaron nan nasa yana da kai a lissafi, kada a yi wasa da shi. Mu huɗu munka ci jarrabawar shiga sakandare daga ajinmu, takardata ta zo cikin damina, makarantar kwana a Jega. Baba ya sa anka karanta masa ita sau biyu, ya ninke ya sa a cikin gafaka tare da littattafansa. Ya ce ranar tafiya shi da kansa zai kai ni, akwati a kariya, har ƙofar makaranta, kowa ya gani. Inna ta fara tara mini kaya a bayan gadonta, bokiti da kwanon sha da sabulun salo, ta ce ƙuli-ƙuli sai an kusa don kada ya yi sanyi.

To akwai abin da ya dame ni tun watan farko. Man da ke cikin idon nan ba ya motsi. Na sato guntun alli a aji na ja layi daidai inda ya tsaya. Mako ya wuce, wata ya wuce, Baba ya je Jega ya dawo, ya je Maiyama ba adadi, ya je ta'aziyya har bayan gulbi, mai na nan kan layina kamar an kafe shi da ƙusa. Na faɗa wa Baba. Maimakon ya damu sai fuskarsa ta washe. Da yamma a majalisa na ji shi yana ba da labari, wai babur ɗinsa mai albarka ne, bai san shan baƙin mai ba. Akwai malamin asibiti a ƙauyenmu mai irinsa, duk mako sai ya ƙara wa nasa mai, Baba har tausayinsa yake ji, yana cewa an haɗa bawan Allah da hadamamme. Mutane sunka riƙa zuwa kallon idon, suna cewa ikon Allah. Manomi ya san jaki mai ƙoshi da kaɗan abin so ne, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa baiwa ce, to da wannan hankalin anka auna inji. Duk ƙauyen ba wanda ya ce tsaya, abin da anka yi don a sha, in ba a sha ba, me ke faruwa a ciki?

Ni dai ban natsu ba. Wata ran kasuwa da munka je cika galan, Baba ya zaga yin alwala, na ce, "Baba Arzika, man nan fa ba ya raguwa, na sa alama." Ya dube ni, ya dubi layin allin. Har yau ina ganin yadda ya sa babban yatsa ya goge shi. Sannan ya kama kunnena ya murɗa yana murmushi, yadda mai wucewa zai ɗauka wasa ne, ya ce, "Kai yaron ga, baki gare ka. Abu shina lahiya kana neman ka ja mai tsiya? In na ƙara jin wagga magana sai na hwaɗa ma ubanka kana yi mai mugun baki." Ya saya mini gaɓar rake biyu. Na sha raken.

Ƙarshen damina, saura kwana goma sha in tafi makaranta, Baba ya ce mu je Aliero mu sayo irin albasa wurin wani da ya yarda da irinsa, don lokacin yayyafa ya matso. Galan ya kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage ya kai mu Jega. Munka iske rumfar Arzika a rufe, anka ce ya tafi suna gidan surukansa, sai bayan la'asar. Baba ya yi tsaye yana sosa ƙeya. Jira na nufin mu rasa mai iri, shi kuwa iri ba ya jiran kowa. Ya ce sau ɗaya dai ba ya kashe abu, munka shiga gidan mai anka cika tanki da fetur fari tas kamar ruwan rijiya. Munka ɗau hanyar Aliero. Ba mu yi nisa ba na waiwaya na ga hayaƙin da ke bin mu kullum ya ragu, can ya ɓace ɗungum. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Ka gani? Har ya ƙara lahiya." Ya ƙara wuta. Gero ya yi kai dama da hagu, iska na kaɗa masa riga tana marina a fuska, ina jin daɗi ba kaɗan ba. Sai ƙarar injin ta canza, ta koma kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani zafi ya taso mini a ƙafa, wari kamar tukunya ta ƙone babu ruwa. Tayar baya ta cije, munka ja ƙasa munka faɗa cikin ciyawa. Baba ya tashi ya hau kik da dukan nauyinsa. Kik ya ƙi sauka, kamar an taka dutse.

Turo shi munka yi har Jega, cikin rana. Mun iso bayan la'asar, Arzika ya dawo, da hular zuwa suna a kansa. Da ya ji an zuba fetur na gidan mai sai ya ɗora hannu a ka yana salati, yana cewa ai ya faɗa, ai ya faɗa. Da a nan maganar ta tsaya, da Baba ya ɗauki laifinsa mun koma gida. Amma mutane sun taru, cikinsu har da wani tsohon bakanike na rumfar gefe, wanda ya durƙusa ya kwance fulogi ya sansana, ya leƙa ramin, ya dubi idon mai, ya ce, "A'a. Hetur na gidan mai kowa ka sha, ba ya buga inji. Wanga inji ƙishin baƙin mai ya kashe shi, ga kuwa tanki nai cike. Famfon da ka tura mai ciki shi na ba ya aiki." Na dubi Arzika. Idonsa ya zagaya taron yana neman inda zai sauke kayan, ya wuce tsohon, ya wuce Baba, ya sauka a kaina, ni da ke tsaye da ƙura har gira. Ya ce famfo lafiya lau ya sayar da shi, ya tambayi Baba wa ke taɓa wajen. Baba ya ce ni, Sanda, ni ke dubawa kullum. Sai ya ce, "To ga ta nan. Ni da idona na gane shi yana wasa da wurin, har zane-zane yake yi da alli. Na hana shi, na ɓoye maka don kar ka buge shi. Yaran boko ba abin da ba su kwancewa."

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini yatsa ɗaya. A garinmu yaro ba ya ƙaryata babba a cikin taro, balle aminin ubansa. Tsohon bakaniken ya mayar da fulogi ya koma rumfarsa, ba ruwansa. Shi ma ban manta da shi ba.

Da dukana Baba ya yi da ya fi mini. Bai taɓa ni ba. Anka ɗora babur a bayan akori-kura anka kawo gida, anka mayar da shi turke, don Arzika ya ce gyaransa sai an sake rabin inji. Kwana uku Baba bai yi mini magana ba. Ran na huɗu da hantsi ya kira ni zaure ya ce boko ya ishe ni haka, tunda abin da ya koya mini ke nan, kwance abin da ban ɗaura ba. Ya ce babu jaki, babu babur, taki kuwa ba ya kai kansa fadama. Malam Bello ya zo sau biyu, ya zauna a tabarma ya yi ta magana har shayinsa ya huce. Baba ya ce masa yaron da ba a iya ba amanar ƙarfe, ba a tura shi wani gari. Inna ta yi kukanta a madafa, ta ɗauki bokitin ta mayar na wanka.

Rani uku na yi ina aikin Duna. Kwandon taki a ka daga bayan gida zuwa fadama, sawu goma, sawu sha biyu, in da ɗanye a ciki ruwansa na tsiyaya ta gammo ya bi mini wuya ya shiga riga. Gashin tsakiyar kaina tun lokacin ya tafi bai dawo ba. In an gama taki a shiga jan jigo, guga ya sauka guga ya hau, a bi fangali ɗaya-ɗaya ana buɗe bakin ruwa ana toshewa, ƙafa cikin laka har ta tsattsage. In an cire albasa kuma a dawo da ita gida a ka. Ba aikin nake ƙyama ba, kowa ɗan noma ne a wurinmu. Abin da ke ci na shi ne in ina tafe da kwandon kashin shanu in haɗu da 'yan ajinmu uku sun dawo hutu da fararen takalma, cikinsu har da wanda ni ke yi masa lissafi ya ba ni ƙosai. Sukan gaishe ni da kyau, su ɗan ja baya saboda wari. Lokacin da anka samu sayen wani jaki na yi gemu, wa zai zauna aji ɗaya da ƙannensa? A gida kuwa sunan ya bi ni. Ƙwan fitila ya fashe, rediyo ya daina magana, ƙotar fartanya ta karye, Baba juyowa kawai yake ya dube ni. Ƙanena ake ba rediyo ya sa batir. Ni ko makullin rumbu ba a ba ni riƙo.

Ina da ashirin da uku na shiga koyon gyaran babur a Maiyama, ba don so ba, don maganar famfon nan ta tsaya mini a rai. A nan na ga yadda famfon yake, ɗan abu ne kamar kan yatsa uku a bayan wani murfi, da ɗan haƙori mai juya shi. Ranar da na gane, ban jira an tashi aiki ba, na ari sukundireba na tafi gida. Babur na nan a turke, taya ta ruɓe, kaji sun mai da wurin zama akurki. Na share kashin kaji daga murfin. Fentin azurfar nan na nan ya rufe kan kusoshi, ya rufe bakin murfi, a haɗe ruf, ko tsaga babu. Sai da na sa wuƙa na yanka shi. Wato tun ranar da anka shafa fenti a rumfar Arzika, ba hannun da ya buɗe wurin. Na ɗaga murfi. Famfo na nan amma babu haƙorin, an cire. Bututun mai an toshe shi da guntun ƙusa, ramin da ke shiga inji an cusa masa yankin silifa shuɗi. Na zauna a ƙasa cikin kashin kaji. Sai lokacin na gane galan. Shi ke haɗa baƙin mai a cikin fetur ɗinsa yana ba mu, ya sayar da mataccen famfo, ya kuma ɗaure ubana a rumfarsa kamar akuya. Da ya ce mana kawai ku riƙa zuba ludayi kaza na baƙin mai a kowane galan, da babur ya yi shekara goma. Magana ce da ba ta kai numfashi ɗaya ba.

Na je na kamo hannun Baba na kawo shi turke. Na nuna masa ƙusar, na nuna masa silifar, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya dubi murfin a ƙasa, ya dubi sukundireba a hannuna, fentin kuwa na riga na yanke shi da kaina, shaidata ɗaya na ɓata ta da hannuna. Ya miƙe ya ce, "Ashe dai hannunka ya san ciki nai." Ya koma zaure.

Washegari na tafi Jega. Lokacin Arzika ya bar gyara, ya buɗe shagon kayan babur, yana zaune a kujera da carbi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ba na neman komai, ba na neman a biya, ya zo kawai ya gaya wa Baba ba ni ba ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce maganar shekara goma nake tonowa, wanda ya saya bai yi ƙorafi ba, ni mene ne nawa? Ya ce in gaida Garba. Bayan nan Baba ya ƙara shekara shida a duniya. Duk sallah Arzika na zuwa gidanmu, ni ke kai musu ruwan wanke hannu, su ci kwano ɗaya, su yi hirar zauren allo. Sau goma sha biyu ke nan ya zauna gwiwa da gwiwa da ubana, bakin da ke taunar naman gidanmu ya kasa buɗewa ya ce ba ni ba ne. Ranar jana'iza shi ne a gaba, yana share hawaye da bakin rawani, mutane na yi masa ta'aziyya kafin su zo kaina.

Yanzu komai ya canza. Babur a kwali yake zuwa sabo, ba ruwansa da haɗin mai, yaro ɗan shekara goma ya san abin da ubana bai sani ba. Injin ban-ruwa ya kori jigo, albasa a manyan motoci take fita. An yi jami'a a Aliero, a kan hanyar nan da munka turo babur, ɗalibanta kan tsaya rumfata in abin hawansu ya lalace, su buɗe waya suna karanta mini yadda ake gyara, ni da bokona ya tsaya a aji shida. Ba na jin haushinsu. In yarona ya zo ya ce Baba abu kaza ba daidai yake ba, ina ajiye sifana in saurare shi, ko da shirme ne. Abin da nake kewa ba makarantar ba ce ma sosai. Safiyar nan nake kewa, tsumma a hannuna, inuwar ubana a bayana, kafin ya daina yarda da ni.

Watan jiya ina kwance ƙarƙashin wani babur mai ƙafa uku, mota ta tsaya a gaban rumfa. Jikan Arzika ya zagayo ya buɗe masa ƙofa, ya fito da sanda, farin yadi na ƙamshin turare. Wai zai tafi Umra, yana bi gida-gida yana sallama yadda aka saba. Mutanen da ke zaune a benci sunka miƙe. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Sanda, ɗana, tahiya ta kama. Abin da anka yi cikin sani da rashin sani, a yahe juna." Haka, a dunƙule, kamar mai rufe murfi ya shafa fenti. Na san abin da malamai ke cewa a kan yafiya, an yi mini wa'azinsa har na haddace. Na tashi zaune, ban karɓi hannun ba, nawa duk maiƙo ne, shi kuwa ya yi wanka. Na ce:

"Baba Arzika, ni ban yi maka komi ba, don haka babu juna a ciki. Naka kuwa cikin sani ka yi shi. Kuma ba wurina za ka fara ba. Garba na nan maƙabartar gabas, kabari na uku daga gindin aduwa, kai ka riƙa kai nai aka sa shi, ba ka ɓata. Tahi can ka tsaya ka hwaɗa mai ba ɗansa ya kashe babur ba. In ya amsa maka, dawo in yahe."